Darasin Addinin Juna a Makaranta: Abin da Yake Iya Hanawa da Abin da Ba Ya Iyawa

Tambaya: Wata malama mai shugabantar makarantar sakandare mai zaman kanta a Kaduna ta rubuto cewa wata ƙungiya ta kawo musu shawarar buɗe darasin da yara Musulmi da Kirista za su zauna aji ɗaya a koya musu addinin juna, domin a kare su daga tsattsauran ra'ayi. Iyaye sun rabu gida biyu, wasu har sun ce za su cire 'ya'yansu. Tana tambaya, shin abin yana aiki kuwa? Ta karɓa ko ta ƙi?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin ki sa hannu. Na yi shekaru ina koyar da darasin addinin Musulunci a sakandare, daga baya na koma horar da malamai, Musulminsu da Kiristansu, kuma na sha ganin irin takardar da aka kawo miki. Shawarata ita ce ki riƙe manufar da hannu biyu, amma kada ki karɓi darasin a yadda aka tsara shi. Zan faɗa miki dalili.

Idan aka ce tsattsauran ra'ayi a ƙasar nan, cuta biyu ake haɗawa a suna ɗaya, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ƙiyayyar maƙwabci, wadda take kwance shiru sai ranar da wani ya ɗaga murya ya ce an zagi addini, nan take taro ya haɗu da duwatsu da fetur. Akwai kuma ƙungiya mai makami da aƙidar kafirta kowa, irin su Maitatsine a Kano a Disambar 1980 da Boko Haram.

Cuta ta farko ta sha tashi daga cikin makaranta, shi ya sa tambayarki take da nauyi. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 a harabar kwalejin horar da malamai ya fara, a wurin wani taron wa'azi na ɗalibai Kirista, kafin kwana kaɗan wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona wuraren ibada, aka rasa rayuka. A Maris 2007 ɗaliban wata sakandare a jihar Gombe sun kashe malamarsu Kirista da ke sa ido a ɗakin jarrabawa, bisa zargin ta wulaƙanta Alƙur'ani. A Mayun 2022 an kashe wata ɗaliba a kwalejin ilimi a Sakkwato kan saƙon murya da ta tura a dandalin WhatsApp na 'yan ajinsu, kisan da fadar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da shi. Duk waɗannan masu littafi da biro ne suka aikata, yaran da aka yi wa rajista, aka biya musu kuɗin makaranta.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Wata safiya a makarantar da nake koyarwa, wata yarinya Kirista 'yar aji biyu ce ke da shara. Ta ɗauke jakar wani yaro daga kan benci ta ajiye a ƙasa don ta goge ƙura. Ashe akwai Alƙur'ani a cikin jakar, yaron daga makarantar Islamiyya yake wucewa. Yana shigowa ya gani ya kwarma ihu. Kafin in iso daga ofishin malamai, tagogin ajin sun cika da 'yan manyan azuzuwa, yarinyar tana tsaye da tsintsiya a hannu, jikinta na rawa, ba ta ma san laifin da ta yi ba. Na sa aka rufe ƙofa, na ɗauki jakar na mayar kan benci, na tambaye ta a gaban kowa ko ta san abin da ke ciki. Ta ce wallahi ba ta sani ba. Na juya ga yaron na ce ya karanto mini hadisi na farko a Arba'una. Ya karanta, muryarsa na sarƙewa: ayyuka suna tare da niyya. Na ce to, mece ce niyyar mai shara? Ya sunkuyar da kai. Daga baya da muka zauna, yarinyar ta ce su a gidansu Littafi Mai Tsarki yana kan gado, yana cikin jakar kasuwa, mahaifiyarta har ja wa ayoyi layi take yi da jan biro, kuma wannan a wurinsu alamar ƙauna ce ga littafin. Yaran Musulmi suka buɗe baki don mamaki. Ita ma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa mu sai da alwala muke taɓa Alƙur'ani, kuma ba ma ɗora komai a kansa. Shekara biyu suna aji ɗaya, ba wanda ya san wannan game da ɗan'uwansa.

To a nan sanin juna yana da amfani ƙwarai, yana iya ceton rai. Amma ki lura da abin da ya kashe wutar a ranar. Yaron bai sauko don ya san Kiristanci ba. Ya sauko ne saboda an tuna masa da addininsa.

Cuta ta biyu kuwa darasin addinin juna ba ya kai mata. Boko Haram Musulmi ta fi kashewa. Harin da aka kai babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014 ya hallaka mutum fiye da 100 a sahun salla. Matasan da suka yayyaga takardun shaidar karatunsu suka bi Muhammad Yusuf a Maiduguri ba jahilcin Linjila ne ya kai su ba. An karanta musu ayoyi da hadisai an yanke su daga muhallinsu, aka ce gwamnati ɗagutu ce, aikinta kafirci ne, duk wanda bai bi su ba jininsa ya halatta. Waɗanda suka iya tsayawa suka warware wannan da hujja malaman cikin gida ne, irin su Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka harbe yana limancin sallar asuba a Ɗorayi a Afrilun 2007, da Sheikh Albani Zariya, wanda aka kashe a Fabrairun 2014. Kuma kada mu manta da Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin sama mai zuwa Ditiroyit ranar Kirsimetin 2009. A makarantar Turawan Ingila da ke Lome ya yi sakandare, ya yi jami'a a Landan. Cuɗanya da mabiya wasu addinai babu irin wadda bai samu ba.

Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fitar da wani rahoto a 2017 bayan ta yi hira da mutum 495 da suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi da ƙafarsu, a Somaliya da Najeriya da Kenya da wasu ƙasashen Afirka. Kimanin rabinsu sun ce addini ne ya kai su, amma kashi 57 cikin 100 sun amsa cewa fahimtarsu ga nassin addinin kaɗan ce ko ma babu. Rahoton ya gano cewa wanda ya yi aƙalla shekara shida yana karatun addini, yiwuwar shigarsa tana raguwa da abin da ya kai kashi 32 cikin 100. Sannan kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani aiki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Ki duba waɗannan alƙaluma da kyau. Ƙarancin sanin addinin kai da kuma zalunci su ne a gaba. Duk wanda ya zo ya ce miki darasi guda a mako zai toshe wannan ƙofa, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin darasin.

Yanzu ga abin da ya fi shafarki, domin a garinku aka yi shi. Wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun ɗauki samari 849 Musulmi da Kirista daga unguwannin Kaduna da rikici ya sha taɓawa. Aka yi ƙuri'a, wasu aka ba su horon kwamfuta na mako 16, wasu ba a ba su ba. Cikin masu horon, wasu aka sa su ajin da aka gauraya addinai, wasu ajin 'yan addini ɗaya zalla. Ba a yi musu wa'azin zaman lafiya ko na minti ɗaya ba, kwamfuta kawai aka koya musu. Da aka gama sai aka gwada su ta hanya biyu: aka tambaye su ra'ayinsu kan mabiya ɗaya addinin, sannan aka ba su kuɗi na gaske aka ce su raba da wani baƙo wanda sunansa kawai suka gani, sunan da ke nuna ko Musulmi ne ko Kirista. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya ba mutane da yawa mamaki. Ra'ayin da ke bakinsu bai canza ba, mai cewa waɗancan ba su da kirki yana nan kan bakansa. Amma a wajen rabon kuɗi, 'yan ajin gauraye sun fi 'yan ajin zalla adalci nesa ba kusa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da masu binciken suka bayar: ajin zalla ne ya ƙara wa 'yansa son kai. Zaman mako 16 da naka kaɗai ya isa ya sa ka ƙara fifita naka a kan bare.

An sami kusan haka a arewacin Iraƙi, inda aka sa Kiristocin da ISIS ta kora daga gidajensu suka buga ƙwallo a ƙungiya ɗaya da Musulmi. Sun saba da abokan wasansu, sun yarda su ci gaba da atisaye tare, amma hakan bai kai ga Musulmin da ba su sani ba. Wato abin yana aiki, sai dai a hankali, kuma a hannu yake fara bayyana kafin baki.

Kin san yadda Kaduna ta koma tun bayan rikicin Shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya na 2002. Kogi ya zama iyaka. Musulmi suka tattara zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista suka koma Sabon Tasha da Television da Romi. Haka Jos ta zama bayan 2001 da 2008. Yaron da aka haifa bayan wannan rabuwa yana iya gama sakandare bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, duk abin da ya sani game da su daga bakin manya ne da wayar hannu. Saboda haka, Malama, abin da ƙungiyar nan take nema ta ƙirƙira da darasi, ke kina da shi a hannu tun tuni: yaran suna shigowa ƙofa ɗaya kowace safiya. Darasin da zai sa iyaye su kwashe 'ya'yansu, makarantar ta koma ta addini ɗaya, ya yi ɓarnar da ta fi gyaransa.

Kuma kada ki ɗauki iyayen da suka ƙi a matsayin masu taurin kai. Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 38, ƙaramin sashe na 2, ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar wani addini ko shiga ibadarsa ba idan ba addininsa ba ne ko iyayensa ba su amince ba. Haƙƙinsu ne. Tsoronsu ma yana da tushe. Musulmi suna tuna zamanin makarantun mishan, lokacin da wasu yara suka shiga da suna suka fito da wani. Kiristocin jihohin can arewa sun daɗe suna kukan cewa a makarantun gwamnati da yawa ba a ɗaukar malamin da zai koyar da 'ya'yansu addininsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ki tuna abin da ya faru a 2017, lokacin da aka gane cewa hukumar tsara manhaja, NERDC, ta sa darasin addinin Musulunci da na Kirista ƙarƙashin inuwa ɗaya da ilimin zama ɗan ƙasa da na zamantakewa da na tsaro. Ba a ma haɗa yaran aji ɗaya ba, suna kawai aka haɗa, amma ƙurar da ta tashi, musamman daga ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, sai da ta sa ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a raba su kowanne ya tsaya da kansa.

To me za ki yi? Ki bar darasin addini a rabe yadda yake, kowane yaro da malamin addininsa, amma ki shiga ki ga abin da ake koyarwa a ciki. A nan aikin yake. Yawancin yaranmu sun haddace yaƙoƙi da shekarunsu don jarrabawa, amma ba a tsaya da su a kan hijira zuwa Habasha ba, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura sahabbansa wurin sarki Kirista saboda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam har Najjashi ya yi kuka. Ba a tsaya da su a kan yarjejeniyar Madina ba, ko aya ta 8 a Suratul Mumtahana da ta ce Allah bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, ko aya ta 108 a Suratul An'am da ta hana zagin abin bautar wasu, ko hadisin Bukhari cewa wanda ya kashe wanda ke da alƙawarin amana ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. Uwa uba, ba a koya musu cewa hukunci aikin alƙali ne, ba na taron jama'a ba. Yaron da ya san waɗannan da hujjojinsu, ranar da wani ya zo masa da rabin aya, yana da sauran rabin. A ɗaya ajin kuma malamar addinin Kirista tana da misalin Basamariye mai tausayi a Luka sura 10, wanda ya taimaki mutumin da ba kabilarsa ba, ba aƙidarsa ba, da umarnin Romawa 12:18 na zaman lafiya da kowa. Ki sa malaman nan biyu su riƙa zama tare a farkon kowane zango su ga tsarin darasin juna. Yara suna lura da ko malamansu suna gaisawa.

Abin da ya kamata su koya tare kuwa, wurinsa darasin zama ɗan ƙasa da na tarihi, kuma sunansa ladubban zama da juna. Me ya sa ba a ratsa gaban mai salla, me ya sa abokinka ba ya shan ruwa a Ramadan, mene ne azumin Kirista na kwana 40 kafin Ista, yaya kowane ɓangare yake riƙe littafinsa, wace kalma ce in ka faɗa ta kan Annabi ko kan Yesu Almasihu za ta soki zuciyar na kusa da kai. Wannan bayani ne, babu ibada a ciki, babu kiran kowa ya bar nasa, kuma iyaye kaɗan ne za su ƙi shi idan aka nuna musu a rubuce. A nan ne za ki ba su labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka jagoranci matasa masu gaba da juna a rikicin addini na 1992 a Kaduna, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, amma a 1995 suka kafa cibiyar sasanci a nan Kaduna. Da labarin Malam Abdullahi Abubakar, limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kirista 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Babu ɗayansu da ya sassauta addininsa kafin ya yi abin da ya yi, kuma yara suna bukatar su ga hakan.

Abu biyu nake roƙonki ki hana ko da wa ya kawo su. Kada a yi muƙabala a aji, a ce yara su kare Tauhidi ko Triniti a gaban juna. Ɗan shekara 14 ba ya fita daga irin wannan sai da ciwo a zuciya. Kada kuma a ce musu duk addinai ɗaya ne, ko a haɗa su addu'ar da ba ta kowa ba. Yaro ya san ba haka aka koya masa a gida ba, zai gane an yi masa rufa-rufa, kuma mai neman janye shi abin da zai fara ce masa ke nan: ka gani, so suke su narkar da addininka. A gaya musu gaskiya, mun saɓa a manyan abubuwa, kuma kowane addini ya tsara yadda za a zauna da wanda aka saɓa da shi.

Sauran aikin a wajen allo yake. Ki duba yadda suke zama a aji, domin in aka bar su, Musulmi gefe guda za su koma, Kirista gefe guda. Ki gauraya su a benci, a ƙungiyar ƙwallo, a aikin ɗakin gwaje-gwaje, inda maki ɗaya za a ba su gaba ɗaya, dole kowa ya dogara da ɗan'uwansa. Ki duba rabon muƙaman ɗalibai da yadda ake horo: in yaro ya ga ana yi wa nasu bulala ana ƙyale na wasu, ya koyi darasin da babu littafin da zai goge shi. Ki kasa kunne a ofishin malamai, domin malamin da ke cewa arna ko 'yan ta'adda a can, da wannan bakin yake shiga aji. Yaron da kika ga ya fara janye jiki yana kafirta abokansa, kada a fara da kora ko kiran 'yan sanda. A haɗa shi da malamin da ya fi shi sani, wanda zai zauna ya saurare shi har ƙarshe kafin ya ba shi amsa, a kuma jawo iyayensa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yanzu ki rubuta abin da za a yi ranar da aka ce wani ya yi ɓatanci: wa zai janye yaron da ake zargi zuwa wuri mai tsaro, wa zai rufe ƙofar makaranta, wane limami da wane fasto na unguwa za a kira, lambar wayar wane jami'in tsaro ke hannun mai gadi. Kowane dandalin WhatsApp na aji a sa malami a ciki, da ƙa'idar cewa na karatu ne kawai. Ni na tsira a waccan safiya ne saboda ina kusa kuma yaran suna jin nauyina, ba don makarantar tana da wani shiri ba, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ita kuma ƙungiyar, kada ki sallame ta. Ki ce musu kuɗin da suka ware wa sabon darasi su mayar da shi horar da malamanki biyu na addini da na zama ɗan ƙasa, ragowar su sa a wani aikin da yaran za su yi tare na tsawon zango, ko koyon kwamfuta ko gyaran famfon unguwa. Sannan ki kira taron iyaye da malamai, ki sa malamin addinin Musulunci da malamar addinin Kirista su zauna teburi ɗaya a gaba, ki raba wa kowane uba da uwa takardar abin da za a koyar, ki karanta musu sashe na 38 da bakinki, ki ce duk wanda ya ga layin da bai yarda da shi ba ya ja masa biro ya dawo miki da ita kafin a koma hutu.